Hattara da masu tallar maganin buɗe rariya gida-gida a Sakkwato

Jama'a, don Allah a isar wa matan gida da wannan saƙo. Akwai wasu samari da ke yawo kan babur a unguwanni irin su Mabera da Arkilla, suna sallama da hantsi, lokacin da maigida ya fita nema. Abin da suke talla wani ruwa ne a gorar lemo, wai daga Dubai, yana buɗe rariyar banɗaki ko bahon wanka da ruwa ke tsayawa a ciki. Babu sunan kamfani a jikin gorar, babu lambar NAFDAC.

Gwajin da suke yi shi ke ruɗar mutane. Sai su ce, "Hajiya, kawo gashin da ke jikin mataji," su jefa a kofi, su tsiyaya ruwan, a tsaya ana kallo har gashin ya narke. To, sodar da ake haɗa sabulu da ita ce aka jiƙa, ita ma haka take cin gashi. Wasu ma ruwan batir suke ɗurawa. A cikin rariya kuwa ruwan da ya kwanta yana tsarma sodar, kuma ba ta narkar da yashi da ƙurar da muke wankewa a garin nan. Zafin da take tayarwa yana iya lanƙwasa bututun roba.

Haka aka yi wa yayata. Da ruwa ya ƙi wucewa ta kira lambar da suka bari, suka turo "mai gyaran famfonsu". Ya leƙa ya ce sai an fasa tayil an sake bututu, ya karɓi kafin alƙalami ya tafi sayen kaya. Har yau wayarsa a kashe.

Abin da ya toshe rariyar tata dunƙulen gashi ne da dattin sabulu, can kusa da baki. An kwance marfin, an lanƙwasa kan waya kamar ƙugiya, an zaro shi baƙi ƙirin yana wari, aka bi da ruwan zafi. Shi ke nan.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne gorar nan ta lemo a gida mai yara, ga zafin Sakkwato da sa ƙishirwa. Soda tana ƙone maƙogwaro. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a garzaya asibiti da shi da gorar. Idan ta taɓa ido ko fata, a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 15. Wanda ya riga ya zuba a rariya, kada ya bi da Hypo ko Jik, domin idan ruwan batir ne, haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba, ga banɗaki ba wadatar taga.

Idan sun yi sallama a ƙofarku, ku duba lambar babur ɗin, ku sanar da mai unguwa.