Lesin ɗin bayoloji na Unguwar Rogo

Jama'a lesin ɗin nan da ƙanwata take zuwa wallahi ya ci kuɗinsa. Malamin ɗanyar hanta ya yanka kashi uku ya zuba musu haidirojin feroksaid (ruwan nan na wanke ciwo) a gaban yara, ta cikin ƙanƙara kumfa kaɗan kaɗan, mai ɗumi wajen digiri 37 kumfa har tana zubowa, dafaffiyar kuwa shiru don zafi ya riga ya lalata enzayim ɗin, wato sinadarin cikin hantar da ke sa kumfar ta taso da sauri. Ya ce aikin enzayim rage ƙarfin da ake buƙata kafin haɗin sinadarai ya kankama, ɗumi kuma na sa ƙwayoyin karo da juna da sauri, shi ya sa ƙullin fanke ke nawar tashi da sanyin Jos. Benci ne dai ya musu kaɗan, a tura yara da wuri.