Faifan Bajamushe da Kaset ɗin Yamai

Yaya, sallama da fatan alheri. A gaishe mini da Inna da kyau, da iyali duka. Ka tambaye ni ko sana'arku ta gyaran rediyo tana ci a nan Berlin. Amsar tana cikin labarin wani faifai da na saya, bari in faro daga can.

Wani dattijo Bajamushe da muke aiki tare ne ya fara sa mini shi a gidansa. Sunan faifan Irrlicht, na Klaus Schulze, ya fito a 1972. Schulze da ganga ya soma, a ƙungiyar Tangerine Dream sannan Ash Ra Tempel, kafin ya ware ya rungumi fiyanon lantarki shi kaɗai har rasuwarsa a 2022. Babu baiti a ciki, babu abin takawa. Amo ne guda mai tsawo yana kumbura yana lafawa kamar iskar hunturu a kan kwanon rufi, kashin farko kaɗai ya haura minti 20. Abin da ya kama ni shi ne yadda ya haɗa shi. A lokacin ba shi da sintesaiza, na'urar da ke ƙirƙirar amon kiɗa da lantarki. Tsohon ogan na lantarki, abin kiɗa mai kama da fiyano, ya yi wa kwaskwarima, ya bi da sautin ta amfilifaya mai matsala, ya naɗi wasu makaɗa suna gwaji, ya juya tef ɗin yana tafiya da baya. Da dattijon ya gama bayani sai na ce a raina, wannan ai aikin rumfar Yaya ne.

Shagon da na saye shi ya burge ni, ba zan ɓoye maka ba. Akwai na'urori a jere da abin sawa a kunne, ka saurari faifai son ranka kafin ka biya, ba mai harararka. Na hannu kuwa kowanne da takarda a jikinsa: shekarar bugu, kamfanin da ya buga, har inda ya ƙarzu an rubuta. Sabon bugu na ɗauka, Yuro 25, wato jika 16 da ɗoriya a kuɗinmu. Ba a ciniki a shago. Mai son tayi sai ya jira Lahadi, ranar da shaguna ke rufe, ya je kasuwar gwanjo ta Mauerpark, can ma sau ɗaya za a rage maka, ba a san "albarka" da "ƙara dai" ba. Ga kuma laburaren gwamnati, Yuro 10 a shekara, ka ari faifan CD ka kai gida. A wajenmu da 'yan daloli yaro zai cika maka memori da waƙoƙi ɗaruruwa, araha ba a magana, amma rabinsu ba sunan mawaƙi, balle shekara.

Wajen gyara ne na yi kewarka. Na sayi na'urar faifai ta hannu, ba ta yi wata guda ba ta fara jan ƙafa, sautin yana langaɓewa. Na kai wani shago, aka ce in dawo bayan mako uku, kuma Yuro 40 kuɗin buɗewa a duba kawai, gyara daban. Na tuna yadda kake kara kunne a jikin rakoda ka faɗi ciwonta kafin mai ita ya gama gaisuwa. Na koma gida na kwance ta da kaina, ashe robar da ke juya faifan ce ta saki. A nan ladan hannu ya fi kayan tsada, shi ya sa ake zubar da na'urar da kai za ka tayar kafin azahar. Inda suka fi mu shi ne kayan gyara. Na rubuta lambar na'urar a intanet, na'urar da ta girme ni, kwana biyu robarta ta iso ta gidan waya, daidai awonta. Kai kuwa sai ka farke gawar rediyo uku, ko ka yanko tsohon tib.

Abin da ya hana ni barci daban ne. A shagon nan, layi biyu daga faifan Schulze, na ga na Mamman Sani, La Musique Electronique du Niger. Kiɗan ogan ɗin nan da muka tashi muna ji tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin, ba mu taɓa tambayar mai shi ba. A Yamai ya naɗe shi a 1978, shekara 6 kacal bayan Irrlicht, shi ma mutum ɗaya da ogan ɗaya. Kaset kaɗan aka buga, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi. Na tsaya riƙe da shi na kasa ajiyewa. Sai da na zo Jamus na biya Yuro kafin kiɗan ƙasarmu ya shigo hannuna da suna da shekara a bayansa.

Don Allah, Yaya, ka buɗe akwatin ƙarfen Baba da ke ɗakin Inna, ka duba kasa-kasan da ke ciki. Kada ka sa ko ɗaya a rakoda tukuna, tsohon tef yana tsinkewa. Ka ɗauki hoton rubutun jikinsu ka turo mini, tare da lambobin rediyoyin da suka daɗe a rumfarka don rashin roba ko allura. Akwai mai zuwa gida bayan Sallah, zan ba shi ya kawo maka.