Silin na Kombi ɗina: mai kushin ɗin nan ya ci kuɗinsa da halal

Jama'a masu tsohuwar Volkswagen, musamman mu da ke zaune nan Ingila, ga bayani kan shagon da yayi min silin na cikin motata tunda ana ta tambayata. A taƙaice dai na gamsu kuma zan koma wurinsa in wani aikin ya taso, amma akwai abubuwan da basu min daɗi ba, zan faɗe su suma.

Motar Kombi ce ƙirar 1972, wato T2 ɗin da aka ƙera a Jamus daga 1967 zuwa 1979, mai faffaɗan gilashin gaba guda ɗaya, inji a baya iska ke sanyaya shi babu lagireto. Duk wanda ya san Legas ya san danginta, su ne tsofaffin danfo, Volkswagen ma sun riƙa haɗa ta a can bayan sun buɗe kamfaninsu a 1975. A nan kuwa motar kwana ce, akwai gado da ɗan risho da kabad a ciki, a kwashi iyali a nufi bakin teku ko tsaunukan Wales a kwana a cikinta. Silin ɗin da na same ta da shi ya riga ya mutu, ya zazzago a tsakiya yana taɓa kan mutum, ga tabon ruwa ga warin danshi da duk turaren da ka sa ba ya kashe shi.

Shagon ƙarami ne, dattijo ne shi da yaronsa ɗaya da keken ɗinki irin na masana'anta. Abin da ya fara burge ni shi ne bai yarda ya faɗi kuɗi ba sai da ya yage tsohuwar ledar ya ga abin da ke bayanta, yace silin rufin asiri ne kawai, aikin yana can sama. Kuma gaskiyarsa ne wallahi, don mun tarar da tsatsa a gefen rufin kusa da magudanar ruwa, wani mai motar na baya ya cusa audugar gilashi, wadda ake sawa don tare sanyi da zafi, a wurin tana shan ruwa tana riƙewa. Mutum in ya kwana a mota lokacin sanyi numfashinsa da tururin shayi suna hawa su taɓa ƙarfe mai sanyi su koma ruwa, to wannan ruwan ne ke cin rufi daga ciki kai baka gani. Sai da ya kankare, ya tura ni wurin mai walda aka toshe ƴan ramukan, aka shafa fenti mai hana tsatsa ya bushe sarai sannan ya ci gaba.

Daga nan ya manna falle-fallen baƙar roba mai nauyi a jikin ƙarfen don rage ƙara, ba ko'ina ba, tsakiyar kowane fili kawai, yace cika rufin da ita asarar kuɗi ne da ƙarin nauyi a saman mota. Sannan ya bi da soso irin wanda ba ya shan ruwa. Wayoyin fitilu kuwa duk ya zura su cikin bututun roba ya kai su batir na biyu, wanda ke ba kayan cikin motar wuta, da fiyus ɗinsu, har ya bar min waya ɗaya ta ajiya a can baya ko zan so ƙara fanka wata rana, don in aka rufe silin ba mai son a sake buɗewa.

Wajen direba yayi shi yadda kamfani ke yi tun asali, farar leda mai ƙananan huji, an ɗinka mata aljihu a baya ana zura sandunan ƙarfe su tokare gefe da gefe, bakin ledar kuma a manna shi a ƙarƙashin robar gilashi. Wannan yana nufin dole a cire gilashin gaba, kuma nan ne masu aikin gaggawa ke ha'inci, su tura bakin ledar da wuƙa ƙarƙashin roba su ce sun gama, bayan ɗan lokaci ta fito. Shi ya cire gilashin, ya sa na sayi sabuwar roba don tsohuwar ta bushe ta tsattsage, yana jan ledar daga tsakiya zuwa gefe yana ɗumama ta da abin busar da gashi har ta miƙe tas kamar fatar kalangu. Na daɗe a tsaye ina kallon hannunsa, aikin na masu haƙuri ne.

Baya inda gado yake ni na zaɓi katako, falankin itacen birch siriri mai kaurin milimita 3 wanda ke lanƙwasuwa ya bi zubin rufin, irin yadda Westfalia, kamfanin Jamus mai mayar da Kombi motar kwana, suka yi a wasu motocinsu na da. Ya fara yanka kwali ya gwada kafin ya taɓa falankin, ya shafa masa banish gaba da baya saboda danshi, kuma da sukurori ya kama shi ba gam ba, in waya ta samu matsala sai a kwance falle ɗaya kawai. Inda yayi amfani da gam kuma mai jure zafi ne, yace na fesawa mai araha ko a ranar bazarar Ingila sakewa yake yi in rufi ya ɗau zafi.

To abin da bai min daɗi ba, na farko jinkiri, lokacin da ya ɗiba min ya wuce sosai kuma ba ya ɗaga waya, sai ka je da ƙafarka ka ga inda aka kwana. Na biyu kuɗin da muka ƙare a kai ya haura wanda muka fara magana, na yarda walda da robar gilashi ba laifinsa bane amma da ya rubuta min komai a takarda tun farko da hankalina ya fi kwanciya. Akwai kuma wata ƴar tattara a kusurwar hagu ta sama kusa da ƙofa, ya ce zata saki da zafin rana, ta ragu amma har yanzu ina ganinta.

Mun kwana a ciki ana ruwan sama, ƙarar da a da ke hana yara barci ta koma ƙasa-ƙasa, da safe gilasai sun yi gumi kamar kullum amma silin a bushe yake, na shafa ko'ina. A kan hanya ma yanzu ina jin maganar na kujerar baya ba sai an ɗaga murya ba. Wanda zai kai tasa ya nemi a nuna masa rufin bayan an yage tsohon silin kafin a rufe, ya ɗau hoto, kuma ya yanke shawarar inda yake son fitilu tun kafin ya bar motar a shagon.