Kashe ƙyallin takobin ado: soso, fenti ko feshin gilashi?

Duk wanda ya taɓa ɗaukar bidiyo da takobin ado ya san damuwar. Ana kunna fitila sai ruwan takobin ya koma madubi, ya watso haske cikin kyamara, ba a ganin fuskar yaron da ke riƙe da shi, balle zanen da ke jiki. Mu da ke shirya wa yara wasan kwaikwayo a nan Jidda, gab da Ranar Kafuwar Saudiyya ta 22 ga Fabrairu da kuma Ranar Ƙasa ta 23 ga Satumba, lokacin da kowane yaro ke son ɗaga takobi kamar masu rawar Arda, mun sha fama da wannan. Abin da ake nema shi ne wanda masu shago ke kira "matfi" da Larabci, wato marar ƙyalli, kishiyar "lamma", mai ƙyalli.

Kafin ka kashe ko riyal ɗaya, nemo mayen ƙarfe ka manna wa takobin. In bai kama ba, to galibi alminiyam ne, ko haɗin tutiya da aka yi wa ruwan kurom. In ma ya kama kada ka saki jiki: ɗan kankari wani ɓoyayyen wuri kusa da mariƙi. Ruwan kurom bai kai kaurin gashi ba, kana gogawa za ka ga ɗorawa-ɗorawa ko ja ya leƙo daga ƙasa. In ka ga haka, ɗauke hannunka, wannan ba na guga ba ne.

In kuwa ƙarfe ne har ciki, ni ban ga abin da ya kama ƙafar soson Scotch-Brite na masu sana'a ba. Ba koren nan na wanke tukunya nake nufi ba, shi yana barin tabo kamar yakushin mage. Akwai mai launin jan ƙasa, lamba 7447, da mai ruwan toka, lamba 7448, wanda ya fi laushi. Goge maiƙon jikin takobin da tina, rufe mariƙin da salatif, naɗa soson a jikin guntun katako don kada ka cinye ƙashin bayan da ke tsakiya. Fara da jan soson, daga mariƙi zuwa tsini, ja ɗaya mai tsawo, kada ka yi gaba da baya. Ɗan ruwan sabulu na taimakawa. Ka gama da mai tokar. Cikin rabin awa fuskarka za ta ɓace daga jikin ƙarfen, amma yana nan a ƙarfensa, ba kamar wanda aka lulluɓe da leda ba. Gaskiya ɗan sheƙi kaɗan zai rage, irin na bakin tsohuwar lauje, kuma ni shi nake so. Sai ka shafa masa kaki siriri. Renaissance Wax, wanda aka haɗa a ɗakin binciken gidan tarihin Birtaniya tun shekarun 1950, ya fi dacewa, sai dai kada ka murza da ƙarfi, ƙyallin zai dawo. Babban daɗin shi ne in yaro ya kwarzane takobin a tayil ɗin istiraha, wato gidan shaƙatawa da ake haya don taro, minti biyar ka gyara wurin.

Soson ƙarfe? Yana barin ɓurɓushi, iskar Bahar Maliya ta mayar da shi ɗigon tsatsa. Ruwan khal, wato binega, ba ya cin ƙarfe marar tsatsa, wanda ke yin tsatsa kuma dabbare-dabbare yake cinsa. Fentin gari da ake gasawa a wuta mai kusan digiri 200 zai narkar da robar mariƙi, takobin kuma ya fito kamar ƙyauren gareji. Feshin ƙwayoyin gilashi da ake yi a Sana'iyya, unguwar masu sana'a da garejin motoci, yana fitar da matfi na gaske, ban musa ba, amma kowane yatsa sai ya bar shaida.

Sai fentin feshi marar launi, wanda ya taɓa ƙona ni. Takubba shida na fesa a saman bene, da la'asar a watan Satumba, da gwangwanin da na saya a wani shagon kayan arha. Washegari sun yi fari fat kamar an barbaɗa musu garin rogo, kuma suna kama hannu. Na kai wa wani dattijo Bahaushe mai fentin mota, ya jijjiga gwangwanin a kunnensa ya ce, "Ɗana, ina ƙwallon ciki? Ruwa aka sayar maka." Na ce, "Kawu, ai an rubuta matfi a murfin." Ya ce murfi ai ko'ina ana samunsa. Shi ya fahimtar da ni cewa abin da ke kashe ƙyalli wani gari ne mai laushi da ke kwanciya a gindin gwangwani, ƙwallon ne ke tayar da shi, shi ya sa ake jijjigawa minti biyu cur. Farin kuma laima ce fentin ya rufe a ƙarƙashinsa. Kwana biyu na yi ina wankewa da tina.

Tun daga ranar nake bincikar gwangwani kamar mai sayen rago. Karanta sunan kamfanin harafi-harafi, 'yan jabu kan canza guda ɗaya tak. Juya gindinsa ka nemi lamba da kwanan wata. Gwada nauyinsa da na kusa da shi. Duba jikin gwangwanin, ba murfin ba, don masu saye kan musanya murafe a kan kanta. Soson ma bai tsira ba: na bogi yana zubar da launi a hannu, ya yi sanƙo kafin ka gama gefe ɗaya. Haka tambarin da ke cewa ƙarfe ne marar tsatsa a jikin takobin, buga shi ba wuya. Masu sayarwa ta intanet kuma hoton na asali suke sakawa, ka tambayi hoton gindin gwangwanin ka ga yadda hira ke mutuwa.

Wanda takobinsa na ruwan kurom ne, dole dai fentin ne mafitarsa. Ya sayi na sanannen kamfani irin Rust-Oleum ko Krylon a babban shagon kayan gini, ya bari sai ranar da iska ta bushe, a inuwa, tazarar kamar taƙi ɗaya, shafi uku marasa kauri. Ya fara gwadawa a bayan tsohon cokali, ya bar shi ya kwana.