Wurin repetisiyo na Yelwa a Garwa, musamman ga masu tagwaye

Iyayen da ke ta tambayata kan wurin repetisiyon (ƙarin darasi bayan an tashi makaranta) da na sa 'yan biyuna, amsata a taƙaice ita ce ku kai yaranku. Jaka biyar ne kowane yaro a wata, daga ƙarfe huɗu zuwa shida na yamma, lissafi da Faransanci da dikte, tun daga 'yan CE1 (aji uku na firamare) har 'yan CM2 (aji shida) masu shirin CEP, jarabawar gama firamare.

Abin da ya sa nake yabonsu shi ne metir ɗin, wato malaminsu, bai karɓi maganar da dangi suka daɗe suna yi ba, wai Hassana ce mai kai, Usaina kuwa sai haƙuri haka Allah ya yi ta. Ya ce min Hajiya, waɗannan fa ƙwai ɗaya suka fito, gadon halittarsu ɗaya ne, in kin ga tazara haka a nemi dalili a zamansu. Ya raba musu benci, ya hana Hassana amsa tambayar da aka yi wa 'yar'uwarta, ashe tun suna SIL (ajin farko na firamare) Hassana ke magana a madadin su biyun, Usaina ta saba da yin shiru kawai, yanzu wallahi da kanta take ɗaga hannu kuma makinta na lissafi ya tashi sosai.

Kuma ba wai gado ba komai ba ne fa. A Jami'ar Minnesota ta Amurka, Thomas Bouchard ya fara bin tagwayen da aka raba tun suna jarirai a 1979, sakamakon da suka fitar a 1990 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na bambancin mutane a gwajin basira yana da alaƙa da gado. A 2015 kuma aka tattara binciken tagwaye na shekara 50, aka ga in an haɗa duk halaye da siffofi, rabon gado kusan kashi 49 ne, saura muhalli. Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Eric Turkheimer a 2003, da ya gano cewa a gidajen talakawan Amurka tasirin gado kan basira ya kusa ɓacewa, yanayin gida ne ke rinjaye. To mu nan da aji ɗaya ke cika maƙil ga zazzaɓin cizon sauro yana hana yaro zuwa lekol, don Allah mu daina saurin cewa yaro ba ya ja.

Matsalarsu ɗakin ya yi ƙanƙanta, in aka ɗauke wuta a zafin Maris da Afrilu yara kan jiƙe sharkaf, kuma bayi ɗaya ne na maza da mata, wannan kam ya kamata su gyara. Ku sa wa yara gorar ruwa a jaka, sannan ku je rajista tun Satumba don wurin na cika da wuri.