Sharhi kan mai saita keke a Sabon Gari

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin Keke Napep daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari ya fara cin albashina. Shi ya sa na sayi keken gwanjo mai giya, mai taya inci 26, alhali rabona da keke tun na aro a yarinta. Na kai shi wurin wani dattijo mai gyara don ya saita min shi daidai jikina.

Buƙatata ɗaya ce: a sauke sirdi yadda zan taka ƙasa da tafin ƙafa biyu ina zaune. Wanda ya taɓa bi ta unguwar PZ a Zariya da yamma, 'yan acaɓa na kutse ta ko'ina, ba sai an yi masa bayani ba.

"Malam, in na yi maka haka, gwiwarka ce za ta biya," in ji shi.

Ya riƙe keken, ya sa na ɗora dunduniya a kan feda lokacin da take can ƙasa. A ƙa'ida ƙafar ta miƙe sak, ta yadda in aka koma tuƙi da gaban ƙafa gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan. Sirdi in ya yi ƙasa, gaban gwiwa ke ciwo, ƙarfi kuma ya tafi a banza. In ya yi sama, ƙugu ya riƙa rangaji.

Na ce, "Baba, gaskiya tsoro nake ji."

A nan ya burge ni. Bai yi min dariya ba, bai kuma ce shi ya fi ni sani ba, ko da yake ya fi ni. Ya karce alama a sandar sirdin daidai inda ya auna, sannan ya rage kamar faɗin yatsa biyu, yadda yatsun ƙafata ke taɓa ƙasa. Ya koya min zamowa gaba daga sirdi in zan tsaya. Duk lokacin da na leƙa sai ya ɗaga kaɗan, kyauta, har muka kai alamar. Da ya nace tun ranar farko, na tabbata da keken na jingine a zaure.

Da na nemi a sunkuyar da hancin sirdi kuwa, ya ƙi fafur. Ya ce zan riƙa zamewa gaba, nauyi ya koma wuyan hannu. Ya bar shi a daidaice.

Inda muka saɓa shi ne faɗin sirdi. Ya dage siririn da ya zo da keken ya fi. Ga mai gudu a sunkuye, haka ne. Ni a miƙe nake zama, nauyina duk a mazaunai, kuma sai da na sa mai faɗi na samu sauƙi. Bai kuma yi min zancen sarƙa ba, ga shi ba ta da murfi, ga ni da kaftani da dogon wando kullum.

Duk da haka, can zan tura sabon mahayi. Ya je da safe kafin layin masu faci ya taru, sanye da kayan da zai riƙa hawa da su.