GARGAƊI: Na biya Naira 87,000, aka turo min MP3 da memorin bogi, na rasa waƙoƙina

Jama'a, duk wanda ya ci karo da tallar wata 'yar na'urar sauraren waƙa baƙa mai jikin ƙarfe a Facebook, ana cewa tokumbo ce kuma tana zuwa da memori 512GB a ciki, kada ya tura ko sisi. Damfara ce tsagwaronta. Ni na tura Naira 87,000. Dubu tamanin kuɗin kaya, dubu bakwai kuɗin turowa daga Legas zuwa Kano. Naira 87,000 a wannan yanayin da ake ciki, kuma wallahi kuɗin ba su ne babbar asarar ba.

Tun kafin wani ya buɗe baki ya ce min "ai kai ma da ganganci", ku tsaya ku ji yadda aka yi. Ni ba yaro ba ne, kuma ba yau na fara sayen kaya daga nesa ba.

Masu cewa me ya hana ni saurare a waya ba su san irin tarin da nake magana a kai ba. Kusan 190GB ne. Waƙoƙin makaɗan fada, na noma, na 'yan dambe, kiɗan garaya da kukuma da kalangu, tsofaffin waƙoƙin Sudan da na Indiya, ga karatun Alƙur'ani da tafsirin azumi na shekaru da dama. Mafi daraja a ciki su ne kaset-kaset ɗin mahaifina, Allah ya ji ƙansa, waɗanda na kai aka juye min a kwamfuta kafin zaren ya gama lalacewa. Na ce a bar min su a WAV, wato tsarin fayil ɗin sauti da ba a matse shi ba, don kada a rage komai. WAV tana cin kusan 10MB a kowane minti, kaset na awa ɗaya kenan ya tashi wajen 600MB, alhali MP3 ta yau da kullum 1MB take ci a minti. Wace waya ce za ta ɗauke min wannan? Sababbin wayoyi da yawa ma sun daina zuwa da gidan memori da ƙofar iyafis. Ga aikina na kan hanya ne, Kano zuwa Potiskum, Damaturu, Maiduguri, akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa ɗif. Ga data ta yi tsada tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. To ko da datar ce, waƙoƙin nan ba a intanet suke ba.

Na yi bincike, kada wani ya ce ban yi ba. Na duba iPod Classic, mafi girmanta 160GB ce, ba za ta ɗauke tarin nawa ba, kuma Apple ta daina yin ta tun 2014, duk wadda za ka samu yanzu batirinta ya tsufa. Na duba Walkman na Sony da na'urorin FiiO, masu kyau ne, suna karɓar babban memori, amma kuɗinsu ya fi ƙarfina. Sai ga wannan talla. Kuma ku lura, ba kayan dubu goma na bi ba balle a ce kwaɗayin arha ya ja ni. Naira 87,000 kuɗi ne da za a sa ran samun abu mai kyau na hannu.

Na ce wa mai tallar ba zan tura kuɗi ba sai na gani. Ya kira ni ta bidiyo a WhatsApp. Na ce ya rubuta sunana a takarda ya ajiye kusa da na'urar, don in tabbatar kayan na hannunsa, ba hoton wani ya ɗauko ba. Ya rubuta. Na ce ya shiga setin ya nuna min girman memori. Ya shiga, na gani da idona. Na ce ya zare katin ya sa a laftof. Ya sa, kwamfutar ta nuna wuri fili guda. Me ya rage? Ku faɗa min, me ya rage wanda mai hankali zai nema ban nema ba?

Muna cikin maganar sai na ji ana tada iƙama a bayansa. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, bari in idar da sallah in kira ka." Ya kashe. Ya kuma kira kamar yadda ya ce. Nan ne zuciyata ta kwanta. Wannan wurin nake ta komawa, in na kwanta shi nake ji. "Bari in idar da sallah." Da Hausarsa ras, ya ce shi ma ɗan Arewa ne, a Agege yake zaune, ya ce, "Malam, kasuwa amana ce, ni ba na ciyar da 'ya'yana haram." Har rage min dubu biyar ya yi ba tare da na matsa ba, wai saboda ya ji maganar kaset ɗin mahaifina. Na ce masa Allah ya yi albarka. Ni na sa masa albarka, da bakina, sannan na tura masa Naira 87,000.

A'a, na tsallake wani abu. Kafin in tura sai da na lura sunan da ke asusun bankin daban ne da na shafin tallar. Na tambaye shi. Ya ce na ƙaninsa ne da suke shago tare, nasa yana da matsala. 'Yan kasuwa nawa ne a Kano ke ba ka lambar asusun yaron shago ko mai POS na kusa? Kullum ana yi. Na tambaya, ya ba ni amsar da ake ji kullum.

Kuma kaya sun zo! Abin da ke ƙara ƙona min rai kenan. Da cinye kuɗin ya yi ya gudu, da asarar ta tsaya a Naira 87,000. Direba ya kira ni, na je tasha na karɓo kwali an naɗe shi da salatif. Na'urar tana da nauyi a hannu, ga katin a ciki da tambarin wani babban kamfani da kowa ya sani. Na zuba waƙoƙi kamar hamsin na gwada, duka suka yi. Sai na haɗa da laftof na bar ta tana kwafa dare guda. Da safe komai ya shiga. Kowace folda tana nan, kowane suna yana nan, kwamfuta ba ta nuna matsala ko ɗaya ba. Na buɗe na farko-farko, suna yi.

Laftof ɗin kuwa dama na riga na yi cinikinta da wani abokin aiki, da kuɗinta na cike na na'urar. Ya yi min haƙuri har kaya suka iso. Da na ga komai ya shiga, aka yi mata fomatin na miƙa masa abarsa, ya sa nasa kayan. Wanda zai ce me ya sa ban ajiye wani kwafi ba, ina zan ajiye 190GB? Ai wurin ajiyar na saya. Shi na biya wa Naira 87,000.

A kan hanya, mun wuce Potiskum, na ce bari in ji kaset ɗin Baba. Na danna, na'urar ta rubuta ba ta gane fayil ɗin ba. Na danna na gaba, haka. Na gaba, haka. Na shiga foldar tafsiri, sunaye reras, babu wanda ke magana. Wata foldar ma sunayen sun rikiɗe sun koma wasu alamomi marasa kan gado. Na faka gefen titi ina ta dannawa, hannuna na rawa.

Tun a ranar na kira mai tallar, ko washegari ne, kaina ba ya tare da ni. Ya ɗauka. Ya ce ƙila bairos ne daga kwamfutata, in yi wa katin fomatin in sake zubawa. In sake zubawa daga ina? Daga baya ya ce in mayar masa ta mota zai canza min, amma in tura dubu bakwai na dawowa. Wata dubu bakwai a kan Naira 87,000! Da na ce ya fara dawo min da kuɗina sai ya daina ɗauka. Yanzu ya toshe ni a WhatsApp, shafin kuma ya canza suna da hoto, amma tallar tana nan, kalma ɗaya ba a sauya ba.

Da na dawo Kano na kai wa wani mai gyara a kasuwar waya ta Farm Centre, mutumin kirki, bai karɓi komai a hannuna ba. Ya sa katin a kwamfuta ya kunna wata manhaja mai suna H2testw. Aikinta ta cika katin da rubutu tun daga farko har ƙarshe, sannan ta dawo ta karanta ta ga nawa ne ya zauna da gaske. Kafin ya kunna sai da ya gwada ceto abin da zai cetu, domin sai an share komai ake gwajin. Ta ɗauki awanni. Sakamako: ƙasa da 15GB ne lafiyayye. Katin 16GB ne aka yi wa ƙarya ya koma 512GB.

Ya yi min bayani, ni ma bari in yi muku don ku san cewa dubawar ido ba ta kama wannan. A cikin kowane katin memori akwai ɗan ƙaramin guntu da ke gaya wa waya ko kwamfuta girman katin. Shi suke sake wa lissafi, ya riƙa faɗin abin da babu. Sunayen fayil kuma a farkon katin ake rubuta su, shi ya sa za ka ga jerin komai cif-cif. Amma da zarar ainihin wurin ya cika, sauran ko dai ya tafi a iska, ko ya hau kan na baya ya murƙushe shi. Kamar buhun da aka rubuta wa kwano arba'in ne amma gindinsa a yage, kana zubawa yana karɓa. Ya ƙara da cewa katin 512GB na gaske a kwamfuta wajen 476GB yake nunawa, saboda bambancin lissafin kamfani da na kwamfuta. Nawa 500 ya nuna. Wa ya san wannan in ba mai sana'ar ba? Sannan ya kwance bayan na'urar a gabana. Batirin ɗan firit, a gefensa an manna wani guntun ƙarfe da gam, ba ya haɗe da komai. Nauyin da na ji a tasha na yaba, shi ne wannan ƙarfen.

Abin da ya dawo shi ne wanda ya fara shiga, galibi waƙoƙin da ko'ina za a same su. Na Baba, da yake manyan fayil ne kuma suna can ƙasan jeri, ko ɗaya bai tsira ba. A ciki akwai wanda aka ɗauka a bikin gidanmu, ana jin muryarsa yana magana tsakanin kiɗa. Kaset ɗin na asali wasu sun tsinke tun lokacin juyewa. Laftof ɗin ma mun gwada, an riga an rubuta sabon abu a kai. Mai tallar nan ya san da kaset ɗin. Na gaya masa. Ya ce Allah ya ji ƙan Baba, ya rage min dubu biyar, yana sane da abin da katinsa zai yi musu.

Hujjoji duk suna hannuna: hotunan hirarmu, saƙon muryarsa, rasit ɗin tiransifa na Naira 87,000, hoton takardar da ya rubuta sunana, sakamakon gwajin, da hoton ƙarfen. Zan ɗora su da zarar na rufe bayanan da bai kamata su fita ba. Na kai ƙorafi bankina a rubuce, kuma zan shigar da ƙara wajen 'yan sanda da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Ban yafe ba.

Shawara: ku sayi na'ura daban, memori daban, a shagon da za ku iya komawa. Ku gwada katin da H2testw kafin ku zuba komai. Kada ku goge na asali sai kun kunna na ƙarshen jeri kun ji. Sunan asusu ya bambanta, ku fasa.

Duk wanda mutumin nan ya taɓa yi wa haka da wannan talla, ya neme ni ya zo da rasit ɗinsa mu haɗa ƙarar tare, domin na tabbata ba ni kaɗai ya karɓar wa Naira 87,000 ba.